Sharhi Kan Ƙamusun Etymonline: Gwaji Da Kalmar "Bank"

Etymonline ƙamus ne na intanet da ya keɓanta ga bin salsalar kalmomin Ingilishi, kuma wani Ba'amurke ɗan jarida mai nazarin tarihi, Douglas Harper, shi ne ya fara tattara shi a shekarar 2001. Ana shiga shafin kyauta, yana kuma da manhajar waya. Ba a gane ingancin irin wannan ƙamus sai an gwada shi da kalma mai ma'anoni da yawa, saboda haka na zaɓi "bank", wadda take nufin ma'ajiyar kuɗi, take nufin gaɓar kogi, take kuma nufin karkatar da jirgin sama ke yi idan zai sha kwana.

Abin da ya fi burge ni shi ne shafin bai cusa ma'anonin nan a ƙarƙashin kai guda ba. Ya raba su gida biyu, domin a gaskiya kalmomi biyu ne da suka shiga Ingilishi ta hanyoyi daban-daban, a zamani daban-daban. Ta gaɓar kogi ita ce babba a shekaru, don an same ta a rubuce tun wajen shekarar 1200, kuma daga harsunan Sikandinebiya da ke arewacin Turai ta fito, inda take nufin tudu ko gangare. Ta kuɗi kuwa ba ta bayyana ba sai ƙarshen ƙarni na 15, daga kalmar Italiyanci "banca" ko 'yar'uwarta ta Faransanci "banque", wato teburin da ɗan canji yake zama a bayansa yana ƙirga kuɗi. Sannu a hankali sunan teburin ya koma sunan sana'ar, daga bisani ya zama sunan ginin da ake yin ta. Sai dai idan aka ƙara ja da baya, hanyoyin biyu suna haɗuwa a tsohon tushe guda na dangin harsunan Jamusanci, wanda shi ne kuma ya haifi "bench". Ashe ke nan banki da benci, waɗanda Hausa ta aro duka biyu, 'yan gida ɗaya ne. Da zarar mai karatu ya ga wannan rabe-rabe, ba ya buƙatar haddar sauran ma'anonin, domin karkatar jirgi ta biyo bayan gangaren gaɓa ne, wurin adana jini a asibiti kuwa ya samo sunansa ne daga ma'ajiyar kuɗi.

Shafin yana da taka-tsantsan wajen labaran da suka cika daɗi. Kalmar "bankrupt", wadda take nufin wanda ya yi karayar arziki, ta fito ne daga "banca rotta", wato karyayyen tebur, kuma an daɗe ana yaɗa cewa farfasa teburin ɗan canjin da ya kasa biyan bashi ake yi a Italiya. Etymonline ya ambaci labarin, amma ya fi karkata ga cewa karyewar ta salon magana ce kawai, kamar yadda ake cewa ɗan kasuwa ya karye alhali babu ƙashin da ya taɓu. A ganina wannan halin ne ya bambanta shi da ɗimbin shafukan da ke ƙaga asalin kalmomi don jan hankali.

Amma yana da nasa naƙasu. Bayanansa a dunƙule suke ƙwarai, cike da gajerce-gajercen sunayen harsuna da alamar tauraro da ake sa wa kalmar da masana suka ƙiyasta amma ba a taɓa samun ta a rubuce ba, kuma wanda bai san ma'anar alamar ba zai iya ɗaukar hasashe a matsayin hujja. Haka nan shekarar da yake bayarwa ta rubutu mafi tsufa da aka samu ce, ba ranar da aka fara furta kalmar ba. Babban giɓinsa shi ne ƙarancin jimlolin misali. Babban ƙamusun Oxford, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928 aka kuma fitar da na biyu a juzu'i 20 a 1989, yana jero ainihin jimlolin da aka yi amfani da kowace ma'ana tare da sunan marubuci da shekara, sai dai cikakken amfani da shi a intanet yana buƙatar biyan kuɗi ko shiga ta ɗakin karatu mai rajista. Etymonline kuwa taƙaitawa yake yi daga irin waɗannan manyan ayyuka, don haka mai binciken ilimi bai kamata ya tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Ga malamin Ingilishi da mai fassara da ɗalibin da ya riga ya yi nisa, shafin ya cancanci a riƙa leƙa shi. Sabon ɗalibi mai son sanin yadda zai sa "bank on" (wato dogara da) a jimla kuwa gara ya buɗe ƙamusun masu koyo, domin Etymonline zai gaya masa inda maganar ta fito ne, ba yadda ake amfani da ita yau ba.