Wata takwas da mataimakin AI a harkar sola da wayarin: abin da idona ya gani

Sana'ata haɗa sola ce da wayarin gidaje, sai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Mu takwas ne: ma'aikata shida masu fita waje, sakatariya ɗaya, da ni. Aikin hannu bai taɓa ba mu tsoro ba. Abin da ya daɗe yana cinye mu shi ne aikin ofis. Kwastoma zai kira ina kan rufi, hannuna riƙe da farantin sola, kafin in sauko ya kira wani. Takardar ƙiyasin kuɗi da ya kamata ta fita ran Litinin sai ta kai Alhamis. Bashi kuwa ba a magana, wani ma sai mun manta muna bin sa. Wannan ne ya sa na karɓi wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wato AI, wadda aka gina don masu sana'a irin tamu da ke tura ma'aikata gidajen mutane.

Manhajar tana tsaye ne a kan irin fasahar da duniya ta fara sani sosai bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, wato na'ura mai karanta magana ta mayar da magana. Bambancin shi ne an jona ta da saƙonnin kwastomomi, da kalandar aiki, da jerin farashin kayanmu, da tarihin duk gidan da muka taɓa shiga. Tun ranar farko ake tambayarka ka raba mata aiki gida uku: abin da za ta yi da kanta, abin da za ta rubuta ta jira amincewarka, da abin da ba za ta taɓa ba. A lokacin na ɗauki wannan rabon a matsayin cike fom kawai. Daga baya na gane shi ne dukan maganar.

Bari in fara da inda ta burge ni, don ta burge ni ƙwarai. Saƙon da ya shigo ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana samun amsa nan take, kuma amsa mai ma'ana. Idan mutum ya ce na'urar sanyaya ɗakinsa ta daina sanyi, za ta tambaye shi ko injin waje yana juyawa, ko ruwa na ɗiga, yaushe aka wanke ta, sannan ta roƙe shi ya ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin injin. Da safe ina buɗe waya in tarar da aikin a shirye, an san kayan da za a ɗauka. A da sai yaro ya je ya gani, ya dawo ya ɗauki kaya, ya koma. Zuwa biyu ya zama ɗaya a yawancin ayyukan gyara, kuma duk mai wannan sana'a ya san abin da hakan ke nufi a kuɗin mai da lokaci.

Abu na biyu da na fi so shi ne rahoton aiki. Ma'aikatana ba sa son rubutu, kuma ban ga laifinsu ba, mutumin da ya wuni a rana yana jan kebul ba zai zauna cike takarda ba. Yanzu da zarar sun gama sai su yi saƙon murya na minti ɗaya: mun canza bireka, batir na uku ya fara rauni, mai gida ya ce a dawo bayan wata biyu. Ita kuma ta mayar da shi rubutu, ta ajiye a tarihin gidan, ta sa ranar komawa a kalanda. Wata shida bayan haka idan gidan ya sake kira, ba sai na dogara da ƙwaƙwalwar kowa ba. Tunatar da masu bashi ma tana yi cikin ladabi, ba ta jin nauyi, ba ta fushi. Wannan kaɗai ya sauke min wani kaya daga kai.

Tsara fita aiki kuwa rabi da rabi ne. Ta san taswira, ta san nisa, tana jera gidaje yadda ba za a yi ta kai da komowa ba. Amma ba ta san mutane ba. Ba ta san cewa aikin kan rufin kwano da sassafe ake yin sa kafin rana ta take ba, sai da na rubuta mata. Ba ta san wane ma'aikaci ne yake da haƙurin zama da dattijo mai yawan tambaya ba, ko waɗanne biyu ne idan aka haɗa su aiki ke tafiya kamar ruwa. Ana iya koya mata wasu daga ciki, wasu kuma har yau ni ko sakatariya ne ke gyara jadawalin kowace safiya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. A wata na uku wani kwastoma ya nemi a haɗa masa inbata mai ƙarfin wat 5,000 da batura masu bolt 48. Manhajar ta tsara takardar ƙiyasi, tsaf da ita, an jera kaya, an yi jimla, har da gaisuwa mai daɗi a sama. Ta turo min don amincewa, na duba jimlar, na ga ba ta yi nesa da abin da na saba gani ba, na danna. Washegari babban ma'aikacina, wanda ya girme ni a sana'ar, ya shigo da takardar a hannu.

"Maigida, kai ka rubuta wannan kebul ɗin na batir?"

Na karɓa na duba, sai gabana ya faɗi. Ta sa kebul mai kaurin murabba'in milimita 4 tsakanin batura da inbata. Lissafin ba ɓoyayye ba ne: a ɓangaren wutar da ke fita daga inbata zuwa gida, wat 5,000 a kan bolt 230 yana ba da amfiya 22 ko kusa, kuma a wannan ɓangaren kebul ɗin zai iya ɗauka. Amma a ɓangaren batir bolt 48 ne, wat 5,000 a kan 48 ya haura amfiya 100. Wannan yana buƙatar kebul mai kaurin murabba'in milimita 25 ko fiye, gwargwadon tsawonsa. Siririn kebul a wurin zai yi zafi, robarsa ta narke, kuma daga nan gobara ba ta da nisa. Ta ɗauki lissafin ɓangare ɗaya ta ɗora wa ɗayan, ta rubuta shi da cikakken tabbaci, babu alamar shakka ko ɗaya.

Na san ma'aikacina ba zai taɓa ɗaura wannan kebul ba ko da takarda ta ce haka. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai dai da aikin ya faɗa hannun sabon yaro mai bin takarda sau da ƙafa fa? Kuma takardar ta riga ta isa hannun kwastoma da sunana a ƙasa. Dole na kira shi na ba shi haƙuri, na faɗa masa kuɗin zai ƙaru, na bayyana dalili. Ya fahimta, amma na ji kunya sosai.

Na kwana ina tunanin abin, kuma ba kuskuren na'urar ne ya fi damuna ba. Irin wannan fasaha tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, shi ya sa takan faɗi kuskure da muryar da take faɗin daidai. An san da haka. Abin da ya dame ni shi ne an sa ni a matsayin mai tsaron ƙofa, kuma na bar ƙofar a buɗe. Makonnin farko ina karanta kowane layi. Da na ga takardu ashirin, talatin sun fito daidai, sai karatu ya koma leƙe, leƙe ya koma danna maɓalli. A rana guda buƙatun amincewa kan kai goma sha wani abu, galibinsu ƙananan abubuwa kamar sauya lokacin ziyara, babban abin kuma ya shige a tsakaninsu. Dokar AI ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, ta ambaci wannan halin da kansa a sashe na 14 da ke magana kan sa idon ɗan'adam: mai lura da na'ura ya riƙa sanin cewa yana iya faɗawa cikin dogaro da ita ido rufe. Sashen ya shafi na'urori masu babban haɗari ne, ba manhajar ƙaramin kamfani kamar nawa ba, amma halin da ya bayyana shi ne nawa a wannan ranar.

Kuma alhaki ba ya komawa kan na'ura. A watan Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci kamfanin jiragen Air Canada ya biya wani fasinja diyya, saboda mataimakin hira na shafinsu ya ba shi bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikiti ga wanda aka yi wa rasuwa. Kamfanin ya yi ƙoƙarin nuna cewa mataimakin ne ke da alhakin maganarsa, kotu ta ƙi. Idan haka ta kasance a kan tikiti, ina ga kebul ɗin da zai kwana a gidan mutane da 'ya'yansu.

Ban jefar da manhajar ba, sake rabon aikin na yi. Ƙananan abubuwa, tunatarwa da sauya lokaci da godiya bayan aiki, na sake mata su gaba ɗaya, ba na son ganinsu, domin su ne ke gajiyar da ido. Duk takardar da ke da lissafin lodi, kaurin kebul, girman bireka ko yawan batura, babban ma'aikacina ne ke fara dubawa kafin ta iso gare ni, kuma na tilasta wa manhajar ta nuna lissafinta layi-layi, ba jimla kawai ba. Na hana ta yin alƙawarin garanti ko rangwame. Na hana ta hasashen irin iskar gas da ke cikin na'urar sanyaya ɗaki, domin tsofaffi suna da R-22, wasu R-410A, sababbi da yawa R-32 wadda ke iya kama wuta, kuma ba a cakuɗa su. Sai an ga hoton takardar jikin injin. Sannan na ware lokaci biyu a rana, safe da yamma, ina zaune a kujera nake duba abin da ke jira, ba a kan tsani ko a bakin sitiyari ba.

Akwai doka ɗaya da na fi alfahari da ita. Duk saƙon da ya ambaci warin ƙonewa, tartsatsi, batir da ya kumbura, ko wani ya ji wuta ta ja shi, manhajar ba ta ba da shawarar gyara, ba ta sa shi a layi. Tana ce wa mutumin ya kashe babban makunni idan zai iya kaiwa gare shi lafiya, ya nisanci wurin, sannan ta buga min waya kai tsaye ko da tsakar dare ne. Sau biyu ta tashe ni daga barci a kan haka, kuma sau biyun duka abin ya cancanta.

Wasu ƙorafe-ƙorafen nawa ƙanana ne amma suna nan. Hausarta ba ta kai Turancinta ba, takan ji saƙon murya ta rubuta wani abu dabam, musamman idan akwai ƙarar janareta ko an haɗa harsuna biyu a jimla ɗaya. Idan intanet ta yanke, ma'aikaci a waje ba ya ganin sabon canji. Batun sirri kuma ya fi waɗannan nauyi: a cikinta akwai adireshin mutane, hotunan cikin ɗakunansu, har da lokutan da ba sa gida. Na rage waɗanda ke iya buɗe tarihin kwastoma zuwa mu biyu, na hana ɗaukar hoton abin da bai shafi aiki ba, kuma saƙon farko da kowane kwastoma ke samu yana faɗa masa cewa na'ura ce ke amsawa, ga yadda zai nemi mutum. Wasu sukan nemi mutum nan take, kuma haƙƙinsu ne.

Sakatariyarmu ta tsorata da farko, ta zaci an kawo mai maye gurbinta. Yau ita ce ta fi kowa sanin inda manhajar ke tuntuɓe, ita ke karanta hirarrakin dare kowace safiya, ita ke kiran kwastoman da ransa ya ɓaci, aikin da na'ura ba ta iya ba ko kaɗan.

Ga mai ma'aikata uku zuwa sama, wanda saƙonni suka fi ƙarfinsa, ina ganin za ta biya kuɗinta, da sharaɗin yana da gogaggen mutum mai iya kallon takarda ya ce wannan ba daidai ba ne. Wanda bai riga ya iya lissafin sana'arsa ba, yana fatan manhajar ta yi masa, ba na ba shi shawarar ya saya. Ni dai na sabunta rajistata na wata shekara. A cikin saitinta akwai maɓallin da ke ba ta damar tura takardar ƙiyasi ga kwastoma kai tsaye, kuma takan tuna min cewa kunna shi zai rage jira. Yana nan a kashe.