Ofishin odar motoci daga Amurka a Maraɗi: sun hana ni sayen Shakedown, kuma har yau ina gode musu

Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Wake da aya da gujiya nake saye da kaka, in zuba a sito, in jira bazara. Sama da shekara 20 ke nan ina wannan sana'a, kuma ita ta saba mini da kallon kowane kaya da idon ajiya: nawa yake yau, nawa zai kai gaba, me zai ci shi kafin lokacin ya zo. Da wannan idon na shiga maganar mota.

Tun ina saurayi zuciyata na kan motocin nan na Amurka masu faɗin ƙirji, ƙofa biyu, inji mai silinda 8, waɗanda in aka tada su kake jin rugugin har cikin haƙarƙarinka. Su Dodge Challenger, Chevrolet Camaro, Ford Mustang. Can ƙasarsu motocin ƙwanji ake ce musu. A ƙarshen 2023 na ji labarin Dodge ta daina ƙera Challenger, ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Brampton da ke Kanada a watan Disamba, kuma a cikin watan nan Camaro ma ta tsaya. Kafin a rufe, Dodge ta fitar da samfuri 7 na bankwana da ta sa wa suna Last Call, kowanne da ƙayyadadden adadi. Nan take lissafin sito ya taso mini. Abin da aka yi kaɗan, aka kuma daina yi, ai sai dai ya hau.

Wani abokina da suka kawo wa Hilux ne ya kai ni ofishin, a kan hanyar fita Ɗan Isa. Ɗaki biyu ne kawai, da kwamfuta biyu, da fanka, da yaro mai dafa shayi a bakin ƙofa. Mai wurin ba zai wuce shekara 35 ba, ya yi shekaru a wuraren saida motoci na Kwatano kafin ya dawo gida. Aikinsu shi ne su shiga gwanjon motoci na Amurka ta intanet da sunanka, su biya, su sa a jirgi, su bi ta har ƙofar gidanka, su ɗauki ladansu.

Na je da hoton motar a wayata. Challenger Shakedown ce ta 2023, ɗaya daga cikin 7 ɗin nan na bankwana, mai ruwan toka, da mashaƙar iskar nan da ke leƙowa ta tsakiyar murfin inji tana rawa in an taka. Guda 1,000 kaɗai aka yi, 500 masu ruwan toka, 500 baƙaƙe masu faɗin jiki. Na gan ta a gwanjo, kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba. Na ce masa in saya, in gyara, in kulle a gareji shekara 10.

Bai ce mini komai ba sai da ya ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ɗin nan, ya biya da kuɗinsa ya ciro tarihin motar. Sannan ya juyo da kwamfutar wajena. An buge ta ta gaba, jakunkunan iska sun fashe, kamfanin inshora ya biya mai ita ya karɓe, an sauya mata takarda zuwa ta motar da aka yanke wa hukuncin lalacewa. Ya ce, "Alhaji, in don hawa kake so, zan kawo maka ita, akwai mai gyaran da zai miƙe ta. In kuwa don ajiya ne, wallahi kar ka sa dalarka. Wannan tabon ya shiga takarda, kuma takardar ita ce motar a wajen masu tarawa. Ko ka shafe ta da zinariya, duk wanda ya buga lambar nan zai ga abin da muka gani."

Na ce, "To ƙanena, ka nemo mini mai tsabta."

Ya ce, "Zan nemo, ranka ya daɗe. Amma ka faɗa mini, ranar da za ka saida, wa zai saya? A Maraɗi ko a ina?"

Wannan tambayar ce ta zaunar da ni. Ban ba shi amsa ba, na tafi gida. Sati biyu ina karatu da dare bayan isha, ina koma wa ofishin da tambayoyi, yana amsa mini ba tare da ya karɓi ko dala ba. Ga abin da na fahimta, kuma nawa ne, ba nasa ba.

Gaskiya ne akwai motocin ƙwanji da suka zama dukiya. Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi, wadda waɗanda aka ƙera ba su wuce 12 ba, an saida guda a gwanjon Mecum a birnin Siyatil a 2014 kan dalar Amurka miliyan 3.5. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa 5 ba. Baƙar Challenger ta 1970 da ake kira Black Ghost, wadda wani ɗan sandan Ditiroyit mai suna Godfrey Qualls ya saya sabuwa, ta haura dala miliyan 1 a gwanjo a watan Mayun 2023. Camaro ZL1 ta 1969 guda 69 kaɗai aka ƙera. Waɗannan lambobin ne ke sa mutum irina ya kasa barci.

Sai dai ka duba yadda aka yi suka yi tsada. Lokacin da aka ƙera su ba wanda ya ɗauke su kayan ajiya. Samari ne suka saya, suka yi tsere, suka buga da itace, tsatsa ta ci saura. Da rikicin man fetur na 1973 ya zo, ga kuɗin inshora ya yi sama, sai aka yi ta yar da su arha. Wadda ta tsira da injinta na asali da takardunta cikakku ta zama kamar ruwa a rijiyar rani. Sannan samarin da suka yi kwaɗayinsu a 1970 ba su samu ba, su ne suka tsufa da kuɗi a hannu suna neman ƙuruciyarsu. Ƙaranci ya haɗu da mai so, kuma mai son yana da hali.

Na yanzu kuwa kowa ya san wasan. Challenger ɗin tsere da ake kira Demon ta 2018 an yi 3,300, kuɗinta dalar Amurka 84,995, ƙarfin doki 840 in an zuba mata man tsere. Demon 170 ta 2023 ta kai ƙarfin doki 1,025, kuɗin kamfani dala 96,666, dillalai da yawa kuma suka ɗora nasu a kai mai kauri. Da yawan waɗanda suka saye su ba su hau ba. Sun kulle su da ledar kujera a jiki, suna jiran abin da ni ma na zo jira. Duk ɗan kasuwar hatsi ya san ƙarshen wannan: shekarar da kowa ya ɓoye wake yana jiran tsada, ranar da aka buɗe sito tare, kasuwa cika take. Ina ganin Demon da Demon 170 da sabuwar Black Ghost da aka yi 300 za su riƙe darajarsu fiye da sauran, don a cikinsu akwai abin da ba a samu a wata mota. Amma irin su Shakedown, injinta da na Challenger Scat Pack ta kowa da kowa ɗaya ne, lita 6.4, ƙarfin doki 485. Bambancin fenti ne da zane da kujeru. Ban yarda wannan zai ninka kuɗin mutum ba.

Akwai kuma abin da ya fi tsaya mini a rai. Ƙarancin da kamfani ya ƙirƙira, kamfani na iya warware shi. Durango Hellcat, wata babbar jif ta Dodge, an ce ta shekarar 2021 ce kaɗai, mutane suka yi rububi, sai ga ta ta dawo a 2023, har wasu masu ita suka kai ƙara kotu. Injin Hemi mai silinda 8 da aka yi wa bankwana a motar Ram 1500, a 2025 aka sanar da dawowarsa. Cuda ta 1971 ba mai iya ƙara ko guda, Plymouth ɗin ma ta mutu. Dodge kuwa kamfanin na nan da ransa.

Sannan tambayar yaron nan: wa zai saya? Kasuwar masu tarawa tana Amurka, da ɗan abin da ba a rasa ba a Turai da ƙasashen Larabawa. Suna son motar da ba ta yi tafiya ba, wadda aka san inda ta kwana kowace shekara, da takardar kowane canjin mai. Motar da ta hau jirgi, ta shekara 10 a Maraɗi, dole ka sake biyan jirgi ka mayar da ita inda za a tambaye ka tarihin da ba ka da shi. Mu nan ba mu ƙara wa mota kuɗi don ta tsufa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar Fijo 504 mai lafiya, haɗin Kaduna, bai taɓa bari wani ya tuƙa ta ba. Da muka zo rabon gado, kuɗin da aka taya bai kai na sa biyu ba. Ajiyar ma kanta aiki ce. Zafin Afrilu da ke wuce 40 yana busar da roba, ƙurar hunturu na shiga ko'ina, ɓera na cin waya, taya na tsagewa a tsaye. Wake ma sai da buhu mai leda uku yake kai bazara.

Na koma na ce masa na fasa jari, amma ban fasa mota ba. Ya yi dariya ya ce, "Yanzu ka zo, Alhaji." Muka zaɓi Challenger Scat Pack ta 2019, ja, takarda mai tsabta, ta yi tafiya daidai misali. Ya sa aka je aka duba ta a can, aka turo mana bidiyon ƙarƙashinta da ƙarar injin a sanyi, don ya ce motocin da ambaliya ta shanye, irin na guguwar Ian da ta faɗa wa Filorida a 2022, a hoto sun fi kowace kyau. Ladansa jika 600, an faɗa tun farko, bai ƙara ba. Kowane kuɗin da na tura ya ba ni takardarsa.

Inda suka gaza kuma zan faɗa, don ba kaɗan ba ne. Ya ce mini wata 4, motar ta yi wata 7. Na san ba duka laifinsu ba ne. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan Yulin 2023, kaya sun koma bi ta Lome, su ratsa Burkina, su jira ayarin da sojoji ke rakawa kafin su shigo Yamai. Amma shi ya san haka ranar da ya ce wata 4, ya kamata ya faɗi gaskiyar hanya kamar yadda ya faɗi gaskiyar takarda. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne shirun. Akwai kwana 20 da ban ji ɗuriyar motata ba, ina kira yaron ofis na ce mini patiron ya fita. Mutumin da ya zuba miliyoyi a hannunka, ko ba labari, ka kira shi ka ce ba labari. Lissafin duwan ma ya zarce abin da ya ƙiyasta da nisa, sai da na saida buhunan da ban yi niyyar saidawa ba a lokacin. Kuma ta iso da ƙujewa a leɓen gaba, wajen saukewa daga babbar mota. Wannan ya biya gyaran da kansa ba tare da na yi magana sau biyu ba.

Wanda zai je wurinsu, ya sa a rubuta masa lokacin isowa da ƙiyasin duwan a takarda, ya kuma tanadi ƙari a gefe. Ya nemi ganin tarihin lambar shasi da idonsa kafin ya tura ko sefa ɗaya. Za su nuna masa, ba sa ɓoyewa.

Yanzu ta haura shekara a hannuna. Tankinta lita 70 ne, a kan sefa 499 lita, farashin da aka sa a 2024, kusan jika 35 ke nan, kuma ba ya daɗewa in ƙafa ta yi nauyi. Ban taɓa zuba mata ruwa-ruwa na kwalba ba, ba kuma zan zuba ba. Da na sayi Demon 170 ma, man E85 mai haɗin etanol da ke ba ta cikakken ƙarfinta ba gidan man da ke saida shi a garin nan. Tana da ƙasa sosai, don haka lungunan yashi na Bagalam da Mokoyo ba nata ba ne, tudun rage gudu kuwa sai a karkace nake hawa. Fulogi 16 take ci, biyu a kowace silinda, man injinta 0W-40 ne, duka ta ofishin nake odarsu, suna zuwa cikin sati 5 ko 6. Bakaniken da ke duba mini ita sai da muka zauna tare muka kalli bidiyo kafin ya taɓa ta, yanzu ya san ta.

Ranar Juma'a bayan la'asar nakan ɗauki ƙaramin ɗana mu miƙa hanyar Madarunfa, ko mu hau babbar kwalta wajen Cadawa inda hanya ta miƙe, in buɗe ta kaɗan ya ji muryarta. Watan jiya wani saurayi daga Katsina ya tare ni a gidan mai, ya zagaya ta sau uku, ya taya. Abin da ya bayar bai kai abin da na kashe ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma na san tayin adalci ne, haka kasuwarta take. Na ce masa ba ta saidawa ba ce. Ya tambayi wanda ya kawo mini ita, na kwatanta masa ofishin, na kuma gaya masa ya lissafa wata 7 tun daga ranar da ya biya.