Baƙin mai: sintetik ko minaral?

Ɗan'uwa, tsakanin man inji 5W-30 sintetik (wanda aka sarrafa ta hanyar kimiyya) da 20W-50 minaral (wanda aka tace kawai daga ɗanyen mai) da ka tambaya, zuba sintetik ɗin, muddin lambar ce ke cikin littafin motarka.

Shi nake zuba wa tawa, kuma da sassafe ake gane amfaninsa. In mota ta kwana, man yakan gangara ƙasan inji. Da ka murza makulli, akwai 'yan daƙiƙun da ƙarfe ke gugar ƙarfe kafin famfo ya tura mai ko'ina, kuma a nan inji ya fi cinyewa. Lambar da ke kafin W tana nuna yadda mai ke gudu cikin sanyi, 5 kuwa ya fi 20 saurin kaiwa sama. Tunda na koma masa, ƙaf-ƙaf ɗin da nake ji da safe ya ɗauke. Ranar da bakanike ya buɗe murfin saman injin, sai da ya kira ni in leƙa: ƙarfe fes, babu baƙin dattin nan mai kama da kwalta. Wallahi na ji daɗi. Sintetik yana jure zafi, ba ya saurin ƙonewa ya daskare, shi ya sa motoci da yawa ke kai kilomita 10,000 da shi kafin juye.

Minaral kuwa, na taɓa saya don araha, wajen kilomita 5,000 ya gaji. A bar wa tsohon injin da ya saki yana shan mai.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa mai kauri ya fi kare inji. Injunan zamani hanyoyin mansu ƙanana ne, kaurin sai ya ƙara wa inji nauyi, fetur kuma ya ƙara tafiya.

Sannan ka yi hattara da masu sayarwa. Wasu na tace man da aka juye daga wata mota su ɗura a galan mai suna. Duba hatimin murfi da tambarin API (cibiyar man fetur ta Amurka) mai nuna matakin ingancin mai, SN ko SP, a kuma buɗe galan a gabanka. In an gama, huda shi kafin ka yar, don kada a cika wa wani. Kuma duk juye ka canza filta.