Koyon hawan doki a Lekki: malamin ya iya, masu wurin ne sai a hankali

Duk mai niyyar kai yaro mai tsoron doki makarantar hawan nan ta bayan Lekki a Legas, ya nemi a haɗa shi da wani dattijo Bakatsine da ke koyarwa a wurin, kada ya yarda a ba shi samarin malaman. Da can a Ikoyi ya yi aiki, wajen dawakin kulob ɗin polo da ke nan tun 1904, kuma hannunsa ya nuna.

Ɗana shekararsa 9, haihuwar Agege. Dokin da ya sani shi ne na bakin ruwan Elegushi da ake ɗora yara don hoto, can ma wani ya taɓa zabura da shi, shi ke nan ko haniniya ya ji sai ya maƙale ni. Mu kuwa a Kano gidanmu na hawa, kakansa ya matsa sai ya gan shi a sirdi ranar Hawan Daushe.

Ana ɗora shi kan wata godiya kili mai sanyin hali, yaro ya sandare. Ya matse ta da gwiwa, ya ƙanƙame linzami, numfashi ma ya daina. Godiya ta fara kaɗa kai tana ja da baya. Dattijo ya ce min, "Alhaji, ƙafarsa na ce mata tafi, hannunsa na ce mata tsaya, wanne za ta bi?" Ya karɓe linzamin gaba ɗaya, ya ɗaura mata doguwar igiya ya riƙe da kansa. Sai ya ce, "Ɗan Baba, taɓo min kunnenta na dama. Yauwa. Yanzu gezar. To juya ka taɓo wajen wutsiya." Daga nan ya miƙa masa cokali da lemon tsami a kai, wai in ya faɗi bashi ya hau shi. Idon yaro ya koma kan lemo, ƙugunsa ya saki, bai ma san godiya ta fara takawa ba. Suka koma wasan danja: in ya ce kore a tafi, in ya ce ja a tsaya, kuma duk tsayawa sai yaro ya fesar da numfashi da ƙarfi. Ashe tsayar da doki yake koya masa. Kafin a tashi ɗana ya cire ƙafa daga likkafa yana dariya. Wallahi sai da idona ya ciko.

To amma fa wurin ya ɓata min rai. Hular kwanon da suka kawo ta yi masa yawa, tana rufe masa gira, maɗaurinta ya tsinke an ɗaure da leda. Da na yi magana, yarinyar ofis ta ce ita ke nan ta yara. Kuɗin awa guda na biya, amma lokacin ɗaura sirdi da gyaran likkafa duk a ciki suke lissafawa, abin da ya rage na hawa bai taka kara ya karya ba. Mutum ya taso daga Agege da sassafe, ya sha cunkoson gadar Third Mainland da na hanyar Lekki zuwa Epe, sannan a yi masa haka? Ga kuɗin ɗaukar bidiyo daban, da wayata kuma.

Na fi jin haushin ranar da dattijon bai zo ba. Ba su kira sun faɗa ba, suka haɗa mu da wani saurayi da ya miƙa wa yaro linzami yana daka masa tsawa ya miƙe bayansa. Nan take tsoro ya dawo, muka sauka ba a gama ba, kuma ba a maido ko kwabo ba.

Za mu ci gaba da zuwa, amma sai na kira na ji muryar dattijon kafin in tayar da mota. Hula kuwa na saya masa tasa.