Jami'a ko aikin ƙungiyoyi? Amsa ga ƙanwarmu ta Gusau

Ƙanwata, kin ce kin gama digiri kan nazarin ɗan'adam da al'adunsa, kin kammala hidimar ƙasa, kina son sanin inda binciken zama da jama'a zai ciyar da ke: jami'a ko ƙungiyoyi masu zaman kansu.

Jami'a tana da albashin wata-wata da fansho, kuma TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kan ɗauki nauyin ƙaro karatun malamai. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta Birnin Kebbi, duka an kafa su a 2013. Sai dai gurbi ba ya buɗewa kullum, kuma ba digiri na biyu ba za ki yi nisa ba. Ga yajin aiki, ga tarin takardun jarrabawa da kan cinye lokacin fita ƙauye.

Ƙungiyoyi kuwa kwantiragi ne. Yau akwai, gobe an rufe shirin. Da farko ma ba za a kira ki mai bincike ba, waya za a miƙa miki da tambayoyi a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai, ki yi ta latsawa. Amma nan ne ake neman abin da kike da shi. Tuna gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara sama da 400. A cikin gidaje ake daka dutsen zinare mai ɗauke da dalma, a tsakar gidan da yara ke rarrafe, wani lokaci da injin niƙan hatsi. Irin wannan ba daga zaure ake ganinsa ba. Namiji baƙo iyakarsa ƙofar gida, ke kuwa sallama ɗaya kin isa gindin murhu, kina jin abin da mata ba sa faɗa wa mai riƙe da takarda.

Ni dai ƙungiyoyi zan ce ki fara da su, kina tara kuɗin digiri na biyu. Ki riƙe littafinki na daban kina rubuta abin da kika gani kowane dare, ki koyi juya hira daga Hausa zuwa Turanci ba tare da kin daƙile ta ba, don a nan yawanci ake bambance mai tara bayanai da mai rubuta rahoto.

Kafin ki sa hannu, ki tambayi wace ƙaramar hukuma za a tura ki, da wace mota, kuma wa ya yi magana da hakimin yankin. Kin san yadda hanyar Ɗansadau take wajen rashin tsaro.