Opinel ko Victorinox: wacce za ka sa a aljihu?

Ɗan'uwa, ka ce kana son wuƙar aljihu guda ɗaya wadda za ka riƙa yawo da ita kullum, daga baya ka fara tara wasu, kuma ka rasa zaɓi tsakanin Opinel mai lamba 8 da jar Victorinox ɗin nan ta Suwizalan. Amsata a taƙaice: in yanka ne aikinka, ɗauki Opinel. In 'yan gyare-gyare ne suka fi tare ka a rana, Victorinox ce taka.

Opinel wuƙa ce kawai, ba ta da wani aiki sai yanka. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890 a yankin Savoie na Faransa, kuma har yau siffarta ba ta sauya sosai ba: ƙotar katako, ƙarfe ɗaya mai lanƙwashewa ciki, sai zoben da aka ƙara mata a 1955, wanda in ka murɗa shi yake kulle bakin kada ya rufo maka a yatsa. Bakin lamba 8 santimita 8.5 ne, siriri, shi ya sa take ratsa albasa, mangwaro, igiya ko tsire ba tare da ka danna da ƙarfi ba. Wajen feraye rake kuwa, Victorinox ba ta kama ƙafarta, don ƙotar Opinel tana cika hannu.

Amma tana da hali. Iri biyu ake yi, mai baƙin ƙarfe da wadda ba ta tsatsa. Mai baƙin ƙarfen ta fi saurin ɗaukar kaifi, 'yan shafe-shafe kaɗan a dutsen wasa wuƙa sun ishe ta, sai dai in ka yanka lemo ka mayar da ita aljihu ba ka goge ba, gobe za ka tarar ta yi dabbare-dabbare. Sai ka saba da goge ta, kana ɗan shafa mata mai. Katakon ma yana bin yanayi. Da damina yakan sha danshi ya kumbura har bakin ya ƙi fitowa, dabarar kuwa ita ce ka ɗan buga gindin ƙotar a kan teburi, sai ya ɓullo. Da hunturu ya kama katakon ya bushe, sai ka ji ta saki. Wanda ba ya son hidimar gogewa da shafa mai ya nemi wadda aka rubuta wa Inox, wato wadda ba ta tsatsa.

Ita kuwa Victorinox akwatin kayan aiki ce da aka matse ta shiga aljihu. Karl Elsener ya kafa masana'antar a garin Ibach a 1884, ya fara ba sojojin ƙasarsu wuƙa a 1891. A cikin mai tsawon milimita 91 yawanci za ka sami baki biyu, babba da ƙarami, mabuɗin gwangwani, mabuɗin kwalba, sukundireba, abin huda fata, matsefata da tsinken sakace. Ƙarfenta ba ya tsatsa da wuri, ƙotar roba ce, ruwa bai dame ta ba. Rauninta biyu: kaifin bai daɗewa kamar na baƙin ƙarfe, kuma bakin ba ya kullewa, ƙarfin wani ɗan ƙarfe ne a bayanta yake riƙe shi. Kada ka soki abu mai tauri da tsininta.

Ga wani abu da masu saye kan yi sakaci da shi. Samfurin Spartan, wanda yake da yawa a kasuwa, yana ɗauke da murɗaɗɗen ƙarfen zare toshiyar kwalbar giya, abin da yawancinmu ba mu da aikin yi da shi. Nemi Tinker, kusan ita ce dai, amma a gurbin nan an sa sukundireba mai kan gicciye, wadda za ta kwance maka soket ko bayan rediyo. In kana son almakashi, akwai Super Tinker.

Batun yawo da ita, a gari jar wuƙar ba ta tayar wa kowa hankali, yayin da Opinel a buɗe kowa ya gani ya san wuƙa ce. A Ingila ma doka ta bambanta su: an yarda ka riƙe mai lanƙwashewa wadda bakinta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kullewa, don haka Tinker ta tsira, lamba 8 kuwa sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Jirgin sama dai duk biyun a jakar da za ka auna ake sa su.

Kan tarawa, Opinel ta fi sauƙi ga mai farawa, ga araha, ga lambobi a jere daga 'yar mitsitsiyar lamba 2 zuwa ƙatuwar 13, ban da 1 da 11 da aka daina yi tun tuni. Victorinox samfuranta sun yi yawa, jabunta ma haka. Kafin ka biya, duba gindin babban bakin ko an buga sunan kamfanin a ƙarfen, sannan ka buɗe kowane abu ka rufe. Ta gaske tana komawa da ƙarfi, ƙas, kuma ba ta girgiɗi in ka motsa bakin gefe da gefe.