Madubin hangen nesa 10x50: wata shida ina bin Mushtari da shi

Dalili ɗaya ya sa na sayi wannan madubi mai ido biyu: ina so in ga watannin da ke zagaye duniyar Mushtari (Jupiter) da idona. Lambar da ke jikinsa, 10x50, tana nufin yana kusanto da abu sau 10, kuma faɗin gilashin gaba milimita 50 ne.

Daren farko ban ga komai ba sai ɗigon haske yana ta rawa. Madubin ya kusa kilo ɗaya, kuma duk ɗan motsin hannu shi ma ninka shi yake yi sau 10. Washegari na dogara gwiwar hannuna a kan katanga, na riƙe numfashi. Sai ga su: ƙananan ɗigo uku a jere gefen Mushtari, kamar an tsara su a layi. Na daɗe tsaye ban iya sauke hannu ba. Waɗannan ne Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya hango a watan Janairun 1610, a gefen duniyar da ko ta matso kusa da mu tazararta ta haura kilomita miliyan 580.

Abin da ya fi kama ni shi ne manyan watanninsa huɗu, wato Io, Europa, Ganymede da Callisto, ba sa zama wuri ɗaya. Io yana zagaye Mushtari cikin kimanin awa 42, Ganymede cikin mako guda, Callisto kuwa sai ya yi kusan kwana 17. Yau biyu a hagu ɗaya a dama, gobe jerin ya sauya, wani lokaci duka huɗun su fito har da Europa. Na ware ƙaramin littafi ina zana su kowane dare da fensir. Io ne ya fi wahalar gani, don hasken Mushtari yakan shanye shi.

Zara (Venus) ba ta buƙatar madubi, a lokutan da take fitowa da yamma ita ce ke fara bayyana bayan faɗuwar rana. Amma a makonnin da ta matso kusa da duniya, na ga ta koma lauje kamar jinjirin wata. A duba ta da almuru, kafin duhu ya yi sosai, in ba haka ba ƙyallinta ne zai cika ido. Kuma don Allah kada a ɗaga madubin sai rana ta faɗi gaba ɗaya, kallon rana ta cikin gilashi yana makantarwa.

Duniyar Mirrihu (Mars) ɗigo ce ja, ba ƙari. Zuhal (Saturn) yakan ɗan yi tsawo kamar ƙwai, amma zobensa ba ya fita. Wanda zoben yake nema, ya nemi babbar na'urar hangen nesa mai kusantowa sau 30 ko fiye.

Gilashin yana da tsabta a tsakiya, gefe-gefe yakan ɗan dushe, kuma hakan bai dame ni ba. Don sanin wace duniya ce ta fito, manhajar Stellarium nake buɗewa, in kunna jan haskenta don kada idona ya rasa sabonsa da duhu. Yanzu na haɗa madubin da sanda mai ƙafa uku, kuma tun daga ranar ban sake riƙe numfashi don in ƙirga watannin ba.